Ƙafar Kawu Ba Ta Yi Masa Ciwo Ba



Ranar da garwashi ya faɗa cikin takalmin Kawu, mu uku ne a shagon tare da shi, kuma babu wanda ya ankara, har shi kansa mai ƙafar. Lokacin hunturu ne, ga biki ya matso a unguwa, ɗinki ya yi masa yawa. Ya tsuguna ya fifita dutsen guga na gawayi, ya miƙe ya ci gaba da guge wata babbar riga. Ƙauri ne ya tona asiri. Ƙaninmu ya ce yana jin roba na ƙonewa, muka duba wayar wuta, muka birkita tarin ƙyallaye, sai can muka ga siririn hayaƙi yana fitowa daga gefen takalminsa. Da ya tuɓe, ga ƙuna a ƙasan yatsunsa kamar faɗin murfin kwalba. Kawu ya dubi wurin, ya yi dariya ya ce, "Kun ga ƙafar maza. Ni ko a jikina."

Muka taya shi dariya. Har yau dariyar nan tana damunmu.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, tela ne a nan Tudun Wada fiye da shekara talatin, kuma a hannunsa muka tashi. Keken da yake takawa da ƙafa shi ya biya mana kuɗin makaranta tun daga firamare har muka karɓo difloma. Saboda haka a gidanmu mu ne 'yan boko. Duk takardar da ta shigo, ta wuta ce ko ta asibiti, mu ake miƙa wa. Shekara uku kafin wannan ƙuna, wasu ma'aikatan lafiya sun yi gwaji kyauta a wata makaranta kusa da mu, Kawu ya je da safe bai karya ba, ya dawo da 'yar takarda an rubuta 14 an kewaye da jan biro. Mu muka karanta masa. Mun ce masa suga ne ya ɗan hau. Ba mu san cewa a ma'aunin da ake amfani da shi, wanda bai ci komai ba tun dare idan ya kai 7 an riga an shiga maganar ciwon sukari ba, balle ninki biyu. Kalmar "ɗan" ɗin nan daga bakinmu ta fito, babu ita a takardar.

Ya sha ƙwayoyi wata guda. Da ya ji jikinsa ya yi daɗi sai ya ajiye, ya ce ai ya warke. Daga baya ya koma wa masu maganin mota, waɗannan da ke ɗaura lasifika a kan rufi suna lissafa cututtuka bakwai a kwalba guda: suga, basir, sanyi, shawara, ulsa, har da abin da kunya ba za ta bari mu rubuta a nan ba. Wani lokaci ma mu ake aika mu sayo. Ba za mu ɗora wa mai motar laifi shi kaɗai ba, domin shi sana'arsa yake yi, mu ne muka yi karatu.

Da muka zauna daga baya muna tuni, sai muka ga alamomin sun daɗe a gabanmu. Randar shago ba ta kai la'asar sai ya shanye ta. Da dare sau huɗu ko biyar muna jin ƙarar ƙofarsa zai fita fitsari. Wandunan da ya ɗinka wa kansa suka yi masa yawa, ya riƙa rage ƙugu. Ya kan ce tafin ƙafarsa na masa kamar yana taka auduga, wani lokaci kuma kamar ana tsira masa allura. Sannan ga zura zare. Mutumin da ke zura zare a allura yana hira bai ko kalla ba, sai ga shi yana kiran ɗayanmu, "Kai zo ka sa mini wannan, hasken yau ba shi da kyau." Kowa ya ce tsufa ne, alhali bai cika sittin ba.

Ƙunar kuwa aka yi mata abin da aka saba. Aka shafa man goge baki, aka koma zuma, wata maƙwabciya ta kawo wani garin magani. Da yake ba ta yi masa zafi, washegari ya ɗaure ta da ƙyalle ya hau keke ya ci gaba da takawa, don masu biki ba sa jira. Mako uku yana taka gyambo. Sai da ƙafar ta kumbura, yatsa ɗaya ya yi baƙi, wari ya cika ɗaki, zazzaɓi ya kwantar da shi, sannan muka nemi mota.

Tsofaffin unguwarmu har yanzu idan suka ce asibitin ABU, na nan Tudun Wada suke nufi, wanda ake zuwa da ƙafa. Amma tun 2005 babban asibitin koyarwar ya tare a Shika, don haka sai da muka bi ta PZ, muka wuce Kwangila da Samaru, Kawu na kwance a bayan mota yana ta ba direba haƙuri saboda warin.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a can, wani ɗan abu ne da likita ya zaro daga aljihu, siriri kamar zaren kamun kifi. Ya ce Kawu ya rufe ido. Ya dangwala shi a tafin ƙafar da ke lafiya, har zaren ya lanƙwasa.

"Baba, ka ji?"

"A'a."

Ya canza wuri. "Nan fa?"

"Ka fara ne?"

Likitan ya ɗago ya dube mu. Bai yi faɗa ba, ya dai tambayi wa ke karanta masa takardun asibiti a gida.

Shi ya yi mana bayanin da ya kamata a ce mun nema tun shekara uku baya. Abincin da muka ci, tuwo ne ko shinkafa ko rogo, yana narkewa ya zama sukari a cikin jini. Akwai wani sinadari da jiki ke yi mai suna insulin, shi ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukarin ya taru a jini yana yawo. Shekara da shekaru yana cin ƙananan hanyoyin jini a hankali, kuma inda suka fi siranta nan ya fi yi wa ɓarna: bayan ido, ƙoda, da jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara mutuwa, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa. To ga ƙafa ba ta jin zafi, ga jini ba ya isa gare ta sosai, ga jikin da ya cika da sukari ba ya iya yaƙi da ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Ƙusa, ƙaya, faso, sabon takalmi mai matsi, ko jin ɗumin wuta da asuba a hunturu, kowanne ya isa ya zama mafarin gyambon da zai kai ga wuƙa.

Yatsu uku aka cire wa Kawu. Mun gode wa Allah da aka tsaya a nan, domin a ɗakin da ya kwanta akwai waɗanda aka yanke musu daga gwiwa, kuma babu wanda mota ta buge a cikinsu.

A makonnin jinya ne muka fara karatun da ba mu yi a makaranta ba, a waya, a kan bencin asibiti. Muka tarar ashe wannan magana an daɗe da gama gardama a kanta. An gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, a farkon 1922 aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa, kuma ranar 14 ga Nuwamba da ake tunawa da ciwon sukari a duniya ranar haihuwar Frederick Banting ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano shi. Amma an ɗauki shekaru ana tambaya, shin matsa wa sukari ya sauka yana hana makanta da lalacewar ƙoda, ko kuwa waɗannan ƙaddarar ciwon ce kawai? A 1993 wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'in da ke kama yara da matasa ya nuna cewa kulawa ta sosai ta rage kamuwa da cutar ido da kashi 76 cikin ɗari. A Birtaniya kuma aka bibiyi sama da mutum 5,000 masu irin nau'in na Kawu, tun daga 1977, aka fitar da sakamako a 1998: saukar da sukari ya rage ɓarnar ƙananan hanyoyin jini da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma saukar da hawan jini shi ma yana da nasa babban amfanin. Wato abin da ya ci yatsun Kawu, an san maganin hana shi tun kafin a haifi wasunmu.

A gida Nijeriya, Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar suka fitar a 2018, suka samu kusan mutum 6 cikin kowane 100 na da ciwon. Yankinmu na Arewa maso Yamma shi ne ya fi ƙaranci a lissafin, wajen 3 cikin 100. Da muka fara gani mun ɗan ji daɗi. Sai muka tuna cewa ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Ra'ayinmu ne, amma ba mu jin wanda ya zauna a shagon tela ko majalisar mai shayi a Tudun Wada, ya ga cokali nawa ake zubawa a kofi guda, zai kwanta da wannan 3 ɗin hankali kwance.

Yanzu sai maganar Goggo, wadda ba don ita muka je Shika ba.

Goggo yayar mahaifinmu ce, ita ke kawo wa Kawu kunu asibiti. Tun muna yara muka san ta da maƙoƙo, har ba ma ganinsa, ya zama kamar wani sashe na kamanninta. Kullum mayafinta na naɗe a wuya. Wata nas ce ta ji muryarta ta ce, "Mama, tun yaushe muryarki ta dishe haka?" Goggo ta ce sanyi ne. Da aka matsa da tambaya sai ta yarda wata huɗu ke nan, kuma gefe ɗaya na kumburin ya yi tauri, tuwo ma sai ta kora da ruwa. Da aka ce me ya hana ta zuwa, amsarta ita ce amsar Kawu: "Ai ba ya mini ciwo."

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na ce mata tayirod. Ita ke daidaita saurin aikin jiki, kuma ba ta iya aikinta sai da sinadarin aidin. Inda ƙasa da ruwa ba su da aidin, sai ta kumbura tana ƙoƙarin kamo ɗan abin da ke akwai, shi ne maƙoƙo. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana ƙara tsananta abin, haka ma gero idan shi ne kusan dukkan abincin mutum kuma babu aidin, kamar yadda aka gani a yammacin Sudan. Saboda wannan ne Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993, kuma shi ya sa za ku ga maƙoƙo ya fi yawa a sa'o'in Goggo fiye da sa'o'inmu. Sai dai gishirin da aka zazzage daga buhu aka baza a faranti cikin rana da raɓa yana iya rasa aidin ɗinsa, abin da matan gida da yawa ba su sani ba.

Mafi yawan maƙoƙo ba sankara ba ne, wannan a riƙe shi da kyau kada wani ya tayar wa kakarsa da hankali. Abin da ke sa likita ya gyara zama shi ne wanda ya soma girma da sauri, ko ya yi tauri, ko murya ta dishe, ko haɗiya ta yi wuya, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya. Sankarar wannan wuri ta fi kama mata, kusan ninki uku a kan maza. Masu bincike sun kuma lura cewa inda aidin ya yi ƙaranci an fi samun wani nau'i mai bin jini ya tafi ƙashi da huhu, inda kuwa aidin ya wadata sai nau'in da ya fi sauƙin magani ya rinjaya. Ashe ɗan gishirin miya ma yana da hannu a irin sankarar da al'umma za ta gani.

A nan muka ci karo da labarin da ya fi ba mu mamaki. A Koriya ta Kudu, daga 1999 gwamnati ta fara shirin duba jama'a don gano sankara da wuri. Wuya ba ya cikin shirin, amma asibitoci suka riƙa ƙara hoton wuya a kan kuɗi kaɗan, mutane kuwa suka yi ta yi. Kafin 2011, adadin waɗanda aka ce suna da sankarar tayirod ya ninka na 1993 sau goma sha biyar, har ta zama sankarar da aka fi ganowa a ƙasar. Amma yawan masu mutuwa da ita bai motsa ba. Me ya faru? Na'ura ce ta riƙa gano ƙananan ƙulli waɗanda da an bar su, da mai su ya tsufa ya mutu da wani abu dabam bai san da su ba. Tun a 1985 wasu likitoci a Finland sun binciki gawarwaki 101 na mutanen da wasu dalilai suka kashe, suka sami irin wannan 'yar sankara mai barci a wuyan 36. A Koriya dubban mutane aka yi wa fiɗa, suka koma shan ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwa, wasu muryarsu ta taɓu, a kan abin da wataƙila ba zai taɓa cutar da su ba.

Muna karanta wannan Goggo na gefenmu tana gyara mayafi. Can an duba wuyan masu lafiya har an wuce gona da iri, nan kuma ga ƙullin da makaho zai iya lalubawa, shekara talatin babu wanda ya taɓa shi. Daga ranar muka daina saurin yarda da jumlar "cuta kaza ta ƙaru" ko "cuta kaza ba ta da yawa a wurinmu" sai mun tambayi wa aka duba, da me aka duba, kuma wa ya zauna a gida.

To 'yan uwa, ga inda abin ya shafe mu a matsayin masu riƙe alƙalami.

Mu faɗi gaskiya, asibiti ya cika littattafanmu. Saurayi ya juya baya, budurwa ta yanke jiki ta faɗi, a kwashe ta sai asibiti, likita ya fito yana goge gumi ya cire gilashi ya ce zuciyarta ta kumbura, a ba ta abin da take so ko a rasa ta. Alhaji ya ji labarin kayansa sun nutse, jini ya hau, ɓarin jiki ya shanye nan take. Ba wani muke nuna wa yatsa ba, mu ma mun rubuta. Akwai wani labarinmu da aka karanta a zaman ƙungiya aka tafa mana, inda muka kwantar da uwar tauraruwa da ciwon suga, muka sa ta tana murƙususu tana ihun ciwo har ta cika a dare guda. Lokacin da muke rubuta wannan shafin, Kawu na tsakar gida yana cewa ƙafarsa kamar auduga.

Cutar cikin littattafanmu kullum mai ihu ce, tana zuwa da gudu, kuma tana zuwa ne don ta hukunta mugu ko ta karya zuciyar iyaye su yarda da aure. Mai karatu da ya sha irin wannan shekara da shekaru, me zai hana shi ɗauka cewa abin da bai kayar da shi ba bai isa a kai shi asibiti ba? Ba mu ce marubuta ne suka koya wa Kawu da Goggo ba, su ba sa ma karanta mu. Amma 'ya'yansu mata da ke dafa musu abinci suna karantawa a waya har tsakar dare, kuma su ne za su ga tururuwa ta taru a inda tsoho ya yi fitsari, su ne za su ga safa ta manne da ruwan gyambo.

Kuma ko ta fuskar daɗin labari, wanne ya fi kama zuciya? Likitan da ke cire gilashi, wanda kowa ya haddace, ko dattijon da ya rufe ido yana tambaya ko an fara taɓa shi? Ba mu da gwanintar ƙirƙiro irin wannan tambaya. Sai da muka zauna a wurin muka ji ta. Wanda duk zai sa cuta a labarinsa, asibiti ba shi da nisa, kuma kusan kowace unguwa a Zariya akwai nas ko ɗalibin likita da zai amsa tambaya idan aka je masa da ladabi. Muna ɓata mako guda muna neman sunan leshi da na mota don kada a yi mana dariya, amma ciwon da zai kashe tauraro sai mu rubuta shi da ka.

Kawu ya koma shago. An sa wa kekensa mota, idan akwai wuta sai ya ɗan danna da ƙafar da ke lafiya, idan babu sai yaronsa ya taka shi kuma ya yanka. Guga an hana shi. Ya rage tuwo ya ƙara ganye, shayinsa babu sukari, kullum yana mita wai ruwan zafi muke ba shi. Azumin bana sai da muka je da shi wurin likita kafin watan ya kama, aka gyara masa lokutan shan magani, aka gaya masa alamomin da idan ya ji dole ya sha ruwa, ya karɓa da ƙyar bayan limamin unguwa ya ƙara masa bayani. Idon ne ba mu san inda za a tsaya ba. An tura mu cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, sun ce abin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba, sauran ake ƙoƙarin tsarewa.

Goggo kuma an yi mata hoton wuya, an tsira siririyar allura an ɗebi abin da za a duba. Ranar Talata za mu koma karɓar sakamako. Ta ce kada a gaya wa 'ya'yanta na Kano tukuna.

Kowane dare bayan isha'i ɗayanmu yakan ɗauki fitilar waya ya tsuguna gaban Kawu. A duba tafin ƙafa, a duba diddige, a buɗa tsakanin yatsun da suka rage a tabbatar ruwan alwala ya bushe, a shafa mai a kan kaushi, a zazzage takalmi a sa hannu ciki. Jiya ƙaninmu ya zaro ƙaramin fil na ɗinki daga cikin takalmin hagu. Kawu ya karɓa ya kai shi kusa da idonsa, ya juya shi, ya ce tun azahar yake nemansa.